Abincin oganik: me kike saya, kuma ina ya dosa?

Tambaya: Na daɗe ina sayen kayan abincin oganik saboda yarana, duk da tsadarsu. Kwanan nan na karanta cewa ba su fi sauran gina jiki ba, cewa su ma ana yi musu feshi, kuma wai irin wannan noma ba zai iya ciyar da duniya ba. Asarar kuɗi nake ta yi ke nan? Kuma abin nan yana da makoma kuwa, ko yayi ne da zai wuce?

'Yar'uwa, duk abubuwa ukun da kika karanta akwai gaskiya a cikinsu, amma ba su kai a ce kin yi asara ba. Fannina shi ne nazarin ƙasar noma da yadda take ciyar da shuka, saboda haka daga gona zan kalli maganar, kuma a ganina can ya kamata kowa ya fara kallonta. Tambarin oganik alkawari ne a kan yadda aka yi noman. Masu talla ne suka ɗora masa alkawarin lafiya, mai saye kuma ya riƙe wannan na biyun ya manta da na farkon.

Ki duba abin da dokokin suka ƙunsa. Amurka ta kafa dokarta a 1990, ƙa'idojin suka fara aiki a 2002. Turai ta fitar da tata a 1991. Kusan abu ɗaya suke faɗi: ba a sa takin zamani, ba a fesa maganin ƙwari ko na ciyawa da aka harhaɗa a masana'anta sai 'yan kaɗan da aka lissafa, ba a shuka irin da aka sauya wa ƙwayoyin halitta, dabbobi su riƙa fita kiwo, kuma ba a ɗura musu magungunan kashe ƙwayoyin cuta alhali lafiyarsu ƙalau. Kafin gona ta samu shaida a Amurka sai ta shekara uku ba a zuba mata abin da aka hana ba. A Turai shekara biyu ce ga amfanin gona na damina ɗaya, uku ga itatuwa. Ko a layi ɗaya dokar ba ta ce tumatir ɗin zai fi bitamin ba.

Shi ya sa ban yi mamaki ba da masu bincike na Jami'ar Stanford suka tattara nazarce-nazarce sama da 200 a 2012, suka ce ba su ga ƙwaƙƙwarar hujja cewa abincin oganik ya fi gina jiki ba. Bayan shekara biyu wasu a Jami'ar Newcastle ta Ingila suka tattara 343, suka samu cewa amfanin gonar oganik ya fi yawan wasu sinadaran da shuka ke kare kanta da su, kuma yana da ƙarancin kadmiyom, wani ƙarfe mai guba da ke taruwa a ƙoda. An yi ta cacar baki tsakanin ɓangarorin biyu. Abin da zan gaya miki shi ne, bambancin da irin shuka, nunar 'ya'yan da kwanakin da suka yi a ajiye ke kawowa yakan fi wanda hanyar noma ke kawowa. Haka maganar madara. Ta oganik ta fi yawan kitsen omega-3, amma ciyawar da saniyar ta ci ce ta jawo haka, kuma duk saniyar da ke kiwo a fili za ta ba da irinta ko da tambari ko babu. Sannan an samu madarar oganik ɗin ta gaza a sinadarin aidin, wanda yara ke bukata.

A kan cututtuka kuwa, manyan bincike biyu sun yi hannun riga. Na Faransa da aka wallafa a 2018 ya bibiyi mutum kusan 69,000, ya ga waɗanda suka fi cin oganik sun samu raguwar kamuwa da kansa da kashi 25 cikin 100. Na Birtaniya da aka wallafa a 2014 ya bibiyi mata sama da 600,000 na kimanin shekara tara, bai ga raguwar kansa gaba ɗaya ba. Inda gizo ke saƙar shi ne, mai sayen oganik yawanci ya fi rufin asiri, ya fi cin ganye, bai cika shan taba ba, ya fi motsa jiki. Masu lissafi suna ƙoƙarin cire tasirin waɗannan, amma ba a taɓa cire shi tas.

Inda duk binciken suka haɗu shi ne ragowar maganin feshi: ta fi ƙaranci sosai a kan kayan oganik. Sai dai tambayar ita ce, wadda ke kan sauran kayan tana cutarwa? A Tarayyar Turai ana gwada dubban samfura kowace shekara, kuma sama da kashi 95 cikin 100 ba sa wuce iyakar da doka ta gindaya. Wannan abin kwantar da hankali ne, amma da sharuɗɗa biyu. Na farko, lissafin ƙasashen da ake sa ido ne. Inda babu mai gwaji, manomi na iya yin feshi yau ya tsinko gobe, duk da an rubuta a jikin kwalbar kwanakin da za a jira. Na biyu, iyakar ita kanta takan canja idan ilimi ya ƙaru. Maganin ƙwarin nan kulofirifos an shafe gomman shekaru ana fesa shi bisa ƙa'ida, sai a 2020 Tarayyar Turai ta hana shi saboda fargabar illarsa ga ƙwaƙwalwar jarirai. Uwar da ta yi taka-tsantsan kafin lokacin ba ta yi wauta ba.

Amma wanda ya fi kowa cin moriyar kuɗinki ba ya zama a teburinki. Mutumin nan ne mai goye da tankin feshi a baya, murfin yana yoyo, rigarsa ta jiƙe ta manne da fatarsa, ya dama maganin da hannu babu safa, iska ta juyo ta watsa masa a fuska, ya share da gefen hannun riga ya ci gaba. Abin da ke shiga jikinsa a yini ɗaya ya ninka abin da za ki ci a kan ganye ninkin ba ninkin. Faransa ta amince a 2012 cewa cutar Parkinson, mai sa karkarwar jiki, cutar sana'a ce ga manoman da suka daɗe suna mu'amala da magungunan feshi. A tsibiran Gwadalup da Martinik, mallakar Faransa a yankin Karebiyan, an yi amfani da maganin ƙwari mai suna kulodikon a gonakin ayaba daga 1972 zuwa 1993, kuma har yau sama da kashi 90 cikin 100 na manyan mutanen wurin suna ɗauke da ɓurɓushinsa a jini, ƙasa da ruwan kuma ba su warke ba. Irin wannan ɓarnar ce noman oganik ya taso don gujewa, kuma a nan ya cika alkawarinsa. Ya cika shi a ɓangaren dabbobi ma: binciken Stanford ɗin da ake kafa hujja da shi don kushe oganik, shi da kansa ya nuna an fi samun ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani a naman kaji da na alade da ba na oganik ba.

Batun cewa su ma ana yi musu feshi, gaskiya ne. An yarda da farar wuta, da man darbejiya, da firetirin da ake tatsa daga wata fure, da ƙwayar halittar Bt mai kashe tsutsa, da kuma maganin feshi mai ɗauke da jan ƙarfe. Yawancinsu suna rugujewa da wuri, amma jan ƙarfe ba ya rugujewa. Idan kin ga ganyen inabi da shuɗi-shuɗi a kansa, shi ne. Ruwan sama yana wanke shi ya sauka ƙasa, ya zauna, shekara bayan shekara yana taruwa har ya fara cutar da tana da sauran halittun da manomin oganik ke tinƙaho da su. Tun 2019 Tarayyar Turai ta ƙayyade shi zuwa kilo 28 a kowace hekta cikin shekara bakwai. Wannan yana nuna raunin da ke gindin tsarin: an ja layin ne tsakanin abin da aka samo a halitta da abin da aka ƙera, ba tsakanin mai cutarwa da marar cutarwa ba. Sau da yawa layukan biyu sukan faɗa wuri ɗaya, wani lokacin kuma ba sa faɗawa. Kuma tambari ba ya kore ƙwayar cuta. Annobar ƙwayar cutar hanji ta E. koli da ta kashe sama da mutum 50 a 2011, akasarinsu a Jamus, an bi sawunta zuwa tsiron hulba na wata gonar oganik. Daga irin da aka shigo da shi cutar ta zo, ba laifin hanyar noman ba ne, amma ya isa ya tuna miki cewa wanki wajibi ne. Shi ya sa ma dokar Amurka ta ce idan aka zuba ɗanyen kashin dabbobi, sai an jira kwana 120 kafin a girbe abin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa.

Algus ma akwai. Da ido ba a bambance masarar oganik da wadda ba ita ba, don haka duk tsarin a kan takarda ya dogara. Mai duba gona yana zuwa aƙalla sau ɗaya a shekara, ya leƙa rumbu da ɗakin ajiyar kayan aiki, ya zauna da rasitai yana lissafi: hekta nawa ka shuka, buhu nawa za ta iya bayarwa, buhu nawa ka sayar? Idan abin da aka sayar ya fi ƙarfin gonar, ruwa ba ya tsami banza. Duk da haka a 2019 an yanke wa wani ɗan kasuwar hatsi a Amurka ɗaurin sama da shekara goma, bayan ya sayar da hatsi na fiye da dala miliyan 140 da sunan oganik alhali mafi yawansa ba shi ba ne. An tsaurara dokar shigo da kaya a ƙasar daga Maris 2024. Gwargwadon yawan hannayen da kaya ya bi kafin ya iso gare ki, gwargwadon ƙofofin ha'inci.

Yanzu ga babbar maganar, wadda ita ce za ta yanke makomar abin: naitirojin. Babu shukar da ke yin ganye ko ƙwaya ba tare da shi ba. Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa shi ne, amma shuka ba ta iya ɗaukarsa daga iska. Dangin wake ne suka samu mafita. Ki tuge wake ko waken suya yana tsakiyar girma, ki karkaɗe ƙasar, za ki ga 'yan ƙulle-ƙulle manne da saiwar. Ki fasa ɗaya da farce. Idan cikinsa ja-ja ne kamar nama, ƙwayoyin halittar da ke zaune ciki suna kan aikin janyo naitirojin daga iska suna ba shukar. Tun da aka fara noma, da wannan da juji da kashin dabbobi da barin gona ta huta ɗan Adam ya dogara. A 1909 masanin sinadarai ɗan Jamus Fritz Haber ya nuna yadda za a kamo naitirojin ɗin iska a mayar da shi amoniya, wato tushen takin zamani, wani Bajamushen, Carl Bosch, ya kai abin masana'anta a 1913. A lokacin mutanen duniya ba su kai biliyan biyu ba. Yau sun haura biliyan takwas, kuma masana sun ƙiyasta cewa kusan rabinsu da abincin da wannan taki ya noma suke rayuwa.

Za a ce ai ga kashin shanu. Saniya ba ta ƙirƙirar naitirojin, abin da ta ci ne take mayarwa, shi ma ba duka ba. Kuma a ƙasashe da yawa doka ta bar manomin oganik ya sayi takin dabbobin da aka ciyar da hatsin da takin zamani ya noma. Ke nan naitirojin ɗin masana'anta yana shigo masa ta bayan gida. Muddin gonakin oganik 'yan tsiraru ne, wannan ba ya fitowa fili. Idan suka zama su ne mafi yawa, dole a ware filaye masu yawa ana shuka dangin wake don taki kawai, kuma filin da ke noman taki a wannan daminar ba ya noman abinci.

A nan giɓin amfanin gona ke fitowa. Nazarin da mujallar Nature ta wallafa a 2012 ya samu cewa a matsakaici gonar oganik tana gaza ta zamani da kusan kashi 25 cikin 100. Wani na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley ya samu kashi 19, kuma ya nuna giɓin kan sauka zuwa kashi 8 ko 9 idan ana sauya shuka da haɗa iri-iri a gona ɗaya. Giɓin ƙarami ne a dangin wake da 'ya'yan itatuwa, babba ne a hatsi, hatsi kuwa shi ke riƙe da cikin duniya. Gaskiya ne a gonar oganik ana samun nau'o'in tsirrai da ƙwari da tsuntsaye fiye da na makwabciyarta da kusan kashi 30 cikin 100. To amma idan aka sare daji a wata nahiyar don cike giɓin, an gudu ba a tsira ba. Wani lissafi na 2019 ya nuna cewa da Ingila da Wales za su koma oganik ɗungurungum, abincin da suke samarwa zai iya raguwa da kusan kashi 40 cikin 100, hayaƙi mai ɗumama yanayi ya ragu a gida amma jimillarsa ta ƙaru saboda sabbin filayen da za a nome a waje. Hatta masu binciken cibiyar FiBL ta Suwizalan, waɗanda binciken noman oganik ne rayuwarsu, a 2017 sun ce oganik zai iya ciyar da duniya a 2050 ne kawai idan aka rage abincin da ake zubarwa sosai, aka kuma rage hatsin da ake bai wa dabbobi, wato a rage cin nama.

Siri Lanka ta gwada tsallen a dare ɗaya. A Afrilun 2021 shugaba Gotabaya Rajapaksa ya hana shigo da takin zamani da magungunan feshi, a daidai lokacin da kuɗin waje ke ƙare wa ƙasar. Babu isasshen takin gargajiya, ba a horar da manoma ba, ba a ba ƙasa lokacin sabawa ba. Noman shinkafa da ganyen shayi ya faɗi, ƙasar da ke ciyar da kanta da shinkafa ta koma sayowa, aka janye haramcin a Nuwamba. Masu goyon bayan oganik suna cewa wannan ba oganik ba ne, ganganci ne, kuma sun yi gaskiya. Amma ya nuna yawan nauyin da ke rataye a wuyan buhun taki.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne a je wa talakan manomi, wanda gonarsa ta gaji ta koɗe saboda shekara da shekaru ana ɗiba ba a mayarwa, a ce masa ya gode wa Allah shi ɗan oganik ne tun asali. Ba shi ba ne. Rashin kuɗi ne ya hana shi taki, kuma ƙasarsa mutuwa take yi. Abin da gwaje-gwaje suka sha nunawa a irin wannan gona shi ne haɗin gambiza ya fi: takin gargajiya da ragowar kara su gyara jikin ƙasar ta riƙe ruwa, dangin wake su shiga jerin shukar, sannan a ƙara ɗan takin zamani daidai bukata. Wannan haɗin, wanda shi ne mafi hikima, dokar oganik ta haramta shi.

Duk da haka ba na raina abin da manoman nan suka koya mana. A Suwizalan akwai gwajin da ake yi tun 1978, ana noma filaye gefe da gefe. Bayan shekara 21 aka ga na oganik sun gaza da kashi 20 cikin 100 na amfani, amma taki da makamashin da suka ci ya ragu da kashi 34 zuwa 53, maganin feshi da kashi 97, ƙasarsu kuma ta fi rai da tana. Samun kashi 80 na amfanin da rabin kayan aiki ba ƙaramin abu ba ne, musamman idan aka tuna cewa kusan rabin takin naitirojin da ake zubawa a duniya ba ya shiga shuka, yana zurarewa ruwa ko ya tashi iska.

To ina aka dosa? A 2022 filayen oganik na duniya sun kai hekta miliyan 96, kimanin kashi 2 cikin 100 na ƙasar noma, kuma fiye da rabi makiyaya ce a Ostireliya. Cinikin ya kai kusan yuro biliyan 135, akasarinsa a Amurka da Turai. Tarayyar Turai ta sa burin kaiwa kashi 25 na filayenta nan da 2030, amma a 2022 tana wajen kashi 10 da rabi, kodayake Ostiriya ita kaɗai ta haura kashi ɗaya bisa huɗu. Da tsadar rayuwa ta taso a 2022 ciniki ya ja baya a Faransa da Jamus, har aka riƙa sayar da wani kaso na madarar oganik ta Faransa a matsayin madara ta yau da kullum don rashin masu saye. Kasuwar Jamus ta farfaɗo daga baya. Abin da ya bayyana shi ne kasuwar a kan aljihun masu hali take tsaye, idan aljihu ya girgiza ita ma ta girgiza.

Hasashena shi ne tambarin ba zai mutu ba, kuma ba zai mamaye duniya ba. Zai ci gaba a matsayin ƙaramin yanki, ya fi ƙarfi a kayan lambu, 'ya'yan itatuwa, madara, ƙwai, kofi da koko. Dabarunsa ne za su yi nisa fiye da sunansa, kuma sun riga sun fara. Shuka abin da zai rufe ƙasa bayan girbi, sauya shuka, sakin ƙwarin da ke cin 'yan'uwansu a ɗakunan noman kayan lambu, duk yanzu manyan gonakin zamani suna yi. Tarayyar Turai ta hana ba dabbobi magungunan kashe ƙwayoyin cuta don ƙara musu girma tun 2006, a kan kowa da kowa, ta kuma hana fesa wasu magunguna uku masu cutar da ƙudan zuma a fili a 2018. Duk lokacin da aka yi irin haka tazarar da ke tsakanin oganik da sauran noma raguwa take, dalilin biyan ƙarin kuɗin ma ya ragu. Sai kuma rigimar cikin gida: Amurka tana ba kayan da aka noma a ruwa, babu ƙasa, shaidar oganik, Turai ta ƙi. Ga batun gyaran ƙwayoyin halittar iri, wanda zai iya samar da dankali ko inabin da ba ya bukatar feshin jan ƙarfe, amma ƙa'idar ta ce a'a. Ina ganin nan gaba wannan ƙin zai yi wa tsarin tsada.

Game da kuɗinki, ga yadda zan kasa shi. Idan sayen oganik yana sa ki rage yawan ganye da 'ya'yan itatuwan da yaran ke ci, ki koma na yau da kullum ki cika musu kwano, domin amfanin cin su ya tabbata fiye da duk wata illar ragowar feshi da aka auna. Idan da halin sayen oganik, ki fifita abin da ake ci da ɓawonsa ko ganyensa, irin su tufa, inabi, latas da alayyafo, musamman ga mai juna biyu da ƙananan yara. Ayaba, lemo, albasa da abarba ana ɓare su, bambancin kaɗan ne. Biskit da lemon kwalba masu tambarin oganik kuwa sukarinsu sukari ne, kada ki ƙara ko sisi a kansu da sunan lafiya. Kowane iri kika saya ki wanke shi da ruwa mai gudana kina murzawa. Wankin yana rage abin da ke bisa fata da ƙwayoyin cuta, amma ba ya fitar da maganin da shukar ta riga ta zuƙa ta saiwa ko ta ganye, kuma a irin wannan maganin ne kayan oganik suka fi yi wa sauran fintinkau.